Kwana Uku Ina Jiran Mutuwa a Gangara

Na ga abubuwa da yawa a yawon fatauci, daga Maraɗi zuwa Kwatano har Jidda, kuma yawancinsu sun dushe mini. Amma kwana ukun da na yi kwance a ɗakina a garinmu Gangara ina jiran mutuwa, su kam ba za ni manta da su ba muddin ina numfashi.

Da damina ne ciwon huhu ya kayar da ni. Ƙanena ya kai ni wani asibiti a Sakkwato, aka sa ni ɗakin nan na waɗanda ciwo ya tsananta, inda na'ura ke taya mutum numfashi. Ban san kwana nawa na yi ba. Ina dai tuna farar fitila, da wata ƙara da nake ji kamar kukan tsuntsu a bakin gulbi. Ma'aikaciyar jinya na yi mini Hausa, ni kuma, in ji ƙanena, ina amsa mata da Faransanci.

Wata safiya aka ce a kai ni gida. Ƙanena na can waje yana neman mota don mu iso kafin la'asar, saboda hanyarmu ba ta biyuwa da yamma. Bai samu jin bayanin likita ba. Ledar magani da takarda kawai ya karɓa.

A wajenmu, in aka sallamo mutum kai tsaye daga irin wannan ɗaki, kowa ya san ma'anarsa: likita ya haƙura, a je a cika cikin dangi. Ni ma yawona bai taimake ni ba. A Jidda da Yamai na ga ana mayar da majinyaci ɗakin jama'a ya yi kwanaki kafin a sake shi. Ni ba a yi mini haka ba, sai na yarda.

Aka juya gadona ya fuskanci alƙibla. Matata ta rataye ledar maganin a ƙusa, ta ce kada a ƙara wahalar da ni da ƙwayoyi. Mutane suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya suna neman gafara, ina ganinsu kamar ta cikin ruwa. Ta taga ina hangen gero yana kaɗawa, sai in ji kamar teku ce, ni kuma ina cikin jirgi ya fara barin gaɓa. Wanda ya fi tsorata ni taubashina ne, mutumin da tun ƙuruciya bai taɓa gaishe ni ba sai da tsiya. Ya durƙusa a gefen gado ya ce, "Alhaji, ka yafe mini." A nan na tabbata tafiya ta zo.

Rana ta uku numfashina ya soma sarƙewa kuma. Na ce a ba ni tabarau in karanta Yasin da kaina. Matata ta buɗe gidan tabaran, sai ga takardar asibiti, ashe a ciki ƙanena ya ninke ta. Na bi Turancin a hankali, na sake bi. Ya samu sauƙi. Ya sha magani sau uku a rana. Ya dawo bayan mako biyu.

"Mi anka rubuta?" in ji ta.

"Sun ce in koma bayan sati biyu. Hajiya, ana ba gawa ranar komawa?"

Sai ta miƙe ta sauko da ledar.

Da na koma, likitan ya ce ɗakin jama'a ya cika a lokacin, ya kuma ga ƙarfina ya isa in ƙarasa jinya a gida. Da na gaya masa maganin ya yi kwana uku a ƙusa, sai ya dafe kai.

Taubashina kuwa ya same ni a ƙofar gida ina shan fura, ya ce wato ko Lahira an ji labarin surutuna, shi ya sa aka koro ni, kuma in biya shi hawayensa.

Abin da na koya shi ne, ƙaunar dangi ma tana iya kashe mutum in ba a yi tambaya ba. Tun daga lokacin, duk wanda za a ɗauko daga asibiti a gidanmu, mota sai ta jira har likita ya faɗa mana da bakinsa dalilin sallamar.