Tabon Ba-Tsayawa

A tasha, Ba-Tsayawa ake kiransa, kuma shi ya saya wa kansa sunan. Direban doguwar bas ne, tafiyar awa shida, in ya murɗa makulli sai inda aka dosa. Tsohuwa ta ce za ta kewaya, ya dube ta ta madubi ya ce, "Iya, da kin rage shan ruwa." Mai ciki ta roƙe shi, ya ƙara wa rediyo murya. Mai motocin kuwa ji yake da shi, don shi kaɗai ke zuwa ya dawo rana ba ta faɗi ba. Wannan kujerar ta direba ita ce duniyarsa kaf.

Yana da shekara talatin da ɗaya ciki ya murɗe shi. Asibiti suka ce afendis ne, suka yanka, suka cire. Ya fito da tabo mai tsawon yatsa a gefen dama, da wani ilimi da babu wanda ya koya masa: wai an cire masa ciwon ciki ɗungurungum, yadda bakanike ke cire mataccen fulogi ya wurgar. Ko ba ka tambaya ba sai ya ɗaga maka riga. "Ni cikina an yi masa sabis."

Shekara biyu sabis ɗin ya yi. Ciwo ya dawo daidai ƙarƙashin tabon, ga gudawa, wani lokaci har da jini. Ya rame, ya dinga huda sabon rami a bel da ƙusa.

"Maigida, mu koma asibiti," in ji matarsa.

"Su cire me? Ai sun cire."

Yayarsa, wadda ba ta taɓa rasa wanda za ta ɗora wa laifi ba, ta zo ta leƙa tukunya. "Ƙanina gyararre ne, da takardarsa. Amarya, hannunki za ki duba." Shekara tara matar, baiwar Allah, tana rage barkono, tana rage mai, har abincin gidan ya koma kamar na masu jinya, tana kuma shan harara a kai.

Shi ko gogan ya samo dabara. Ranar tuƙi ba ya cin komai, sai ƙwayar tsayar da gudawa daga kemis, biyu, daga baya huɗu. A tasha babu wanda ya sani.

Ran da dabarar ta ƙare, suna tsakiyar wani fili ne, babu ko kututture. Ya taka birki, ya ce zai duba taya. Ya dawo yana gumi. Bayan rabin awa ya sake duba taya. A karo na uku wata tsohuwa a kujerar gaba ta ce, "Ɗan nan, tayar taka can nesa da mota kake ajiye ta?" Motar ta ɗauki dariya. Karo na huɗu bai kai ga buɗe ƙofa ba. Ya ƙarasa tafiyar zaune a kan buhu, fasinja sun zuge gilasai. Zuge gilasan nan ya fi dariyar ciwo.

Dole ya koma asibiti. Likitar da ta zura masa kyamara a hanji ba ta da lokacin lallashi. Ta ce kumburin hanji ne, irin mai lafawa ya dawo, magani ke kwantar da shi amma ba ya korarsa.

Ya ɗaga riga, kamar mai nuna lasisi. "Likita, an cire fa."

"Afendis aka cire, malam, hanjin yana nan. Mai yiwuwa ma wannan ciwon ne ya fara taɓa ka tun wancan lokaci, ya yi kama da afendis. Ba zan rantse ba. Abin da na gani shi ne, da ka zo da wuri da hanjin bai tsuke haka ba."

Da labari ya isa gida, Yaya ta ce ita dama ba ta yarda da masu yankan farko ba. Haƙuri dai ba ta ba kowa ba. Matar ta zuba barkono cokali biyu a nata kwanon, ta ci tana hawaye, ta ce yaji ne.

Mai motocin ya karɓi makullinsa cikin ladabi. Ya ce ba zai wulaƙanta tsohon ma'aikaci ba, ya miƙa masa wani makullin: na banɗakin tasha.

Can yake yanzu, a kan benci, da buta shida a jere. Direbobi in za su wuce sukan ce, "Ba-Tsayawa, yau ma an tsaya?" In doguwar bas ta shigo, tun kafin ta gama tsayawa ya buɗe ƙofofin duka, don ya san gudun da tsofaffi za su sauko da shi. Rigar kuwa a soke take cikin wando, ya daina ɗaga wa kowa.