Tambarin da Ya Karkata

A garejin nan babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Baba Sannu-Sannu suke ce masa, shi ma da shi yake amsawa. Wurinsa ɗan lungu ne a ƙarshen rumfa, tsakanin tarin tayoyi da gwangwanayen mai fenti: benci guda, akwatin katako, sai buta. Sana'arsa cire tambarin mota da mayar da shi, wato ɗan ƙarfen nan mai ƙyalli da ake liƙawa a hancin mota ko a murfin but. Wani nasa ya dushe, wani an ɓalle masa rabi a kasuwa, wani kuma so yake a liƙa na babbar mota a jikin ƙarama don a riƙa ba shi hanya. Baba ba ya tambayar dalili.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Zaren fatsa, tsumma mai laushi, 'yar kwalbar kananzir, salatif. Sai dirayar busar da gashi, wadda ba tasa ba ce, ta matarsa ce mai kitso, kuma tun suna da ɗa ɗaya ake rigima a kanta, ga shi har sun aurar da auta. Zai hura wa tambarin iska mai ɗumi har gam ɗin ya saki jiki, ya zura zaren ta baya, ya riƙa ja dama da hagu kamar mai yankan sabulu. Bai taɓa ɗora ƙarfe a kan fenti ba. Idan ya ga bakanike ya nufi tambari da sukudireba, sai ya kawar da kai, kamar wanda ya ga ana dukan ɗan maƙwabta.

Idan tambarin ya faɗo a tafinsa, fentin da ke ƙarƙashi yana nan sabo fil, rana ba ta ci shi ba. Inuwa yake ce wa wannan. A kanta yake ɗora sabon, ba sai ya auna ba.

Da girma ya zo, sai hannunsa na dama ya soma rawa. Wajen cirewa bai dame shi ba, zare da ma motsi yake so. Wajen liƙawa ne matsalar, domin gam ɗin tambari sau ɗaya yake kamawa. Inda ya sauka, nan ya zauna. Wata rana ya liƙa wa wani mai kantin magani, abin ya karkata kamar hular ɗan gayu. Mutumin ya dawo ya yi faɗa a gaban kowa.

Mai garejin ɗan wani marigayin abokinsa ne. Ya same shi bayan azahar yana naɗe zare.

"Baba, ni ba zan iya ɗaga maka murya ba. Amma mai fenti ya daɗe yana neman lungun nan."

"Na sani. Kullum gwangwaninsa sai ya ƙara matsowa."

"To, a kiyaye. In aka sake, ba ni da bakin hana shi."

Baba ya ce Allah ya kyauta. A gida bai faɗa ba. Shi dai bai san abin da mutum yake yi da safiya ba idan ba shi da wurin zuwa.

Ba a daɗe ba aka kawo baƙar motar wata malamar asibiti. An buge ta ta baya, an gyara, an sake fenti, saura a mayar da tambari. Sabon fenti kuwa ba shi da inuwa. Baba ya auna, ya kafa salatif a matsayin layi, ya ɗumama wurin, ya ɓare takardar gam. Da ya kai hannu, sai tambarin ya kama kaɗawa tsakanin yatsunsa. Ya janye. Ya sake kaiwa, ya sake janyewa.

Mai fenti yana jingine da tayoyi. "Baba, ko in riƙe maka motar ne kada ta motsa?"

Ana cikin haka sai ga matarsa mai kitso da mayafinta a kafaɗa, tana tsallake baƙin mai a ƙasa.

"Malam, ina dirayata? Na bar mace da jiƙaƙƙen kai tana jirana."

Ta dubi hannunsa, ta dubi motar. Ta daɗe tana wanke ɗigon shayi a gaban rigunansa, ba ta taɓa cewa komai ba.

"Salatif ɗin nan ya fi hawa ta hagu," in ji ta.

"Na auna."

"Kai ka auna, ni na gani. Tsagar kai nawa na yi a duniya?"

"Kai daban, mota daban."

"Duk dai tsakiya ake nema. Kawo nan, riƙe mini jakata."

Ya tsaya da tambarin a hannu, yana jin idon mai fenti a ƙeyarsa. Tun da ya fara aikin nan bai taɓa miƙa wa kowa ba, ko 'ya'yansa. Ya miƙa mata. Ta gyara salatif ɗin da farce, ta ja baya kaɗan ta kanne ido ɗaya, ta yi bisimilla, ta ɗora.

"Danna tsakiya tukuna," ya ce a hankali. "Sannan gefe. Kada ki murza."

"Ai ba kunnen jika ba ne."

Ya zare salatif ɗin, ya goge wurin da tsumma, ya koma can nesa ya tsuguna ya duba. Tambarin ya zauna daidai.

Mai fenti ya ce da mai gareji, wanda ya ga komai daga gaban wata mota, "Oga, wannan ai aikin Inna ne."

"Daga lungun Baba dai aikin ya fito. Ja gwangwaninka baya, ya tare hanya," in ji mai garejin.

Tun daga nan Baba da safe yake cire tambari, ya wanke ragowar gam da kananzir, ya auna, ya ajiye sabon a kan akwati. Bayan la'asar sai ta zo tana mitar diraya, ta liƙa abin da ke jira, su tafi gida tare, shi a gaba, ita a baya tana lissafa masa matan da ya sa ta ɓata wa rai.

Daga baya babbar 'yarsu ta saya mata sabuwar diraya don a huta da rigimar. Tana nan a kwalinta a saman durowa.