Abin da Na Sa a Bakin Jarumin Ɗan Kawuna

A shekarun da na zauna a Dungas ba aikin fari bare na baƙi, bayan na bar kolej ban kai ga takardar ƙarshe ba, sana'ata ɗaya ce, ita ma ba ta ciyar da kowa: ni ne tafintan fadarmu. Fadar a zauren kawuna take, yayan mahaifiyata. Da zarar an kai amfanin gona gida an cika rumbu, sai mu riƙa taruwa bayan la'asar, a hura gawayi a ɗora shayi. Akwai wata 'yar tele da ake haɗawa da batir, batirin kuma pano, faifan nan na hasken rana, ne ke cika shi a kan rufin ɗaki. Fina-finan a kan memwar, ɗan katin nan na waya, suke zuwa daga Magaria, duk cikin Faransanci, kuma duk zauren ni kaɗai ne na daɗe a bencin lakwal, wato makarantar boko, har nake iya kama magana in ana yin ta da sauri. Sai in zauna dab da tele, jarumi ya yi magana, in juyo in faɗa da Hausa.

Kamfanoni biyu ne ke yin fina-finan da suka ɗauke mana hankali, na jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, masu tashi sama da ɗaga mota da hannu ɗaya. Sunayen kamfanonin ba su zauna a bakinmu ba, sai muka raɗa musu namu. Na ɗaya fina-finansa tas suke kamar rana tsaka, jarumai birjik, suna faɗa suna tsokanar juna. Mabiyansa su ne 'yan haske. Na biyun kullum hadari ne da ruwan sama, kowa fuska a ɗaure, in za mu kalla sai an rataya tabarma a ƙofar zaure kafin a ga abin da ke gudana. Mu ne 'yan duhu. Ni ɗan duhu ne har gobe, kuma ban ga dalilin ba kowa haƙuri a kan wannan ba. A ganina mutumin da zai ceci duniya bai kamata ya riƙa barkwanci kamar ɗan kama a kasuwa ba.

Shugaban 'yan haske ɗan kawuna ne, taubashina, wanda ya girme ni da damina biyu. Shi bai taɓa taka lakwal ba. Allo ya yi ya haɗa da gona, kuma in ya kama noma ba mai cim masa a duk unguwarmu. Duk abin da ya zo cikin Faransanci, ta bakina yake jin sa, kuma bai taɓa tambayata ko na tabbata ba. In na ce haka aka faɗa, to haka aka faɗa, ko da kowa zai yi musu. Mushe yake ce mini, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, rabi tsokana rabi girmamawa. In ya so ya ƙure ni kuma sai ya ce bawansa, tunda ni ɗan mace ne shi ɗan namiji. Wannan yardar tasa ita ce abu mafi daraja da nake da shi a lokacin, ban kuwa sani ba.

Gwaninsa wani ƙato ne mai tabo a kunci, wanda in ya buga tafin hannunsa a ƙasa sai ta dare. Hotonsa ya samo a kasuwa ya liƙa a jikin amalanken shanunsa, ranar kasuwa yana tafe yana taƙama kamar shi ya haife shi. Ni kuwa ƙaton nan ya tsaya mini a wuya. Duk ranar da aka sa fim ɗinsa, 'yan haske sai sun kwana biyu suna yi mana gori, wai namu jaruman ko dariya ba su iya ba, kullum kamar an yi musu mutuwa.

Da kaɗan-kaɗan na fara. In ƙaton ya yi wata magana mai hikima, sai in rage mata gishiri. In ya yi barkwanci, sai in kawo shi a sanyaye yadda ba wanda zai yi dariya. In namu ne suka yi magana kuwa, ko gaisuwa ce, sai in gyara murya in ƙara mata nauyi. Ba wanda ya lura. Na ji daɗin abin ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Mutum goma na kallon tele, amma abin da na ga dama suke ji.

Sai ranar da aka kawo wani sabon fim na 'yan haske. Can wajen ƙarshe an rutsa jaruman a wani gari da ke rushewa. Ƙaton ya tsaya ya yi wa abokansa doguwar magana, suka juya suka tafi, shi ya durƙusa ya dafa ƙasa da hannu biyu, hawaye na zubo masa. Abin da ya faɗa na ji shi sarai. Cewa ya yi su tafi su fitar da mutanen garin, shi zai riƙe ƙasar kada ta haɗiye su, kuma ya san ba zai fita ba. Ni kaina sai da tsikar jikina ta tashi. Na juyo na ga ɗan kawuna ya miƙo wuya yana jiran bakina, sai shaiɗan ya raya mini.

Na ce, "Cewa ya yi gwiwoyinsa sun mutu don tsoro, ba zai iya gudu ba. Roƙonsu yake kada su bar shi, su kuma sun gaji da shi, sun yi gaba."

Zaure ya kaure. 'Yan duhu har da faɗuwa a kan tabarma. Ɗan kawuna ya dubi tele, ya dube ni, ya ce, "Haka ya ce, Mushe?"

Na ce, "Haka ya ce, ɗan kawu."

Ya kurɓi shayinsa. Daga ranar muka sa wa ɗan kawuna suna Mai Sanyin Gwiwa, sunan ya bi shi har kasuwa da bakin rijiya. Na ɗauka zai ɓare hoton daga jikin amalanke. Bai ɓare ba. Abin da ya yi shi ne ya zauna ya nemo wa gwaninsa hujja. Duk wanda ya tsokane shi sai ya ce, "Ai mutum ne shi ma. Tsoro ya ji, amma ƙasar ta haɗiye mutanen? Ba ta haɗiye su ba. To ni irin wannan nake so." Rani uku yana kare ƙaton nan a kan laifin da bai aikata ba, ni kuma ina gefe ina dariya. A raina na ce wasan taubasai ne. Tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ai kowa ya sani ba a fushi, ka ɓoye masa takalmi, ka zuba masa barkono a fura, ka kunyata shi a gaban surukansa, duk al'ada ta yafe maka. Ban ga bambancin wannan da waɗancan ba.

Sai aka fara shigo da fina-finan daga wajen Kano an riga an juya su zuwa Hausa. Aikina ya ƙare ba sallama. Na koma mai zuba shayi, ina gunaguni cewa masu fassarar nan surutu ya yi musu yawa. Wata ranar Juma'a da yamma wani daga cikinmu ya zo da memwar cike da tsofaffin fina-finai, 'yan haske suka ce a sa musu wancan, su ji shi da harshen gida. Wallahi na manta da abin da na yi. Sai da na ga garin ya fara rushewa na tuna, butar shayi na hannuna.

Ƙaton ya buɗe baki ya yi maganarsa cikin Hausa tsantsa, kowa ya ji. Duk aka juyo aka dube ni. Na yi ta maza na ce ai mutanen Kano ma ƙara nasu suke yi, ba a rantsuwa a kan fassararsu. Ɗan kawuna ya ce a mayar baya. Aka mayar. Ya matsa kusa da tele har hancinsa na neman taɓa ta, ya ƙura wa ƙaton ido har wurin ya wuce.

Sai ya fashe da dariya. Dariya sosai, har da buga cinya. Ya ce, "Kai, bawan nan nawa ya iya shege! Jama'a, ku dubi fuskar nan, wannan fuskar mai roƙo ce? Rani uku ina kallon ta da idona, amma bakin bawan nan na bi."

Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su, na ji sanyi a raina cewa abin ya wuce lafiya. 'Yan haske suka yi ta murna, gwaninsu ya fita kunya. Aka ci ni tara, na wanke kofuna mako guda. Sai dai da muka tashi sallar magariba na lura ɗan kawuna bai jira ni ba kamar yadda ya saba, shi kaɗai ya wuce masallaci.

Da damina ta sauka na same shi a gona yana shukar wake a tsakanin gero. Na kwana ina shirya maganar. Na ce, "Ɗan kawu, batun fassarar nan, ban kyauta ba. Ka yafe mini."

Ya dogara da sungumi ya yi murmushi. "A'a, yau bawa ya zo neman gafarar ubangidansa? To sai ka share mini garke, ka ba shanu ruwa, in duba lamarinka."

Na ce da gaske nake. Ya ce shi ma da gaske yake, garken ya yi datti. Na sake gwadawa sau biyu bayan nan, duk haka muka ƙare. A nan na gane tarkon da na jefa mu. Al'adar da na fake da ita ta hana shi ya nuna fushi, kuma ta hana ni in ba shi haƙurin da zai karɓa. Duk abin da na faɗa masa wasa ne, ko da kuka nake. Abin ya dame ni ƙwarai, ba kuma wanda zan kai wa ƙara, don kowa zai ce ai taubashinka ne.

A zahiri ba abin da ya canja. Telen ta mutu, kowa ya koma kallo a wayarsa, muka yi aure, fadar ta ragu zuwa mutum huɗu ko biyar. Gardamar haske da duhu dai tana nan. In sabon fim ya fito yakan tare ni a hanya ya ce, "Mushe, naku har yanzu ba su koyi dariya ba?" Ni ma in rama. Har na fara gaya wa kaina cewa ni ne na ɗauki abin da zafi.

Bara matarsa ta yi fama da tari mai tsawo, ta rame, har aka fara tsoron ko babban ciwon ƙirji ne. Aka ɗauki majinarta aka aika Magaria a auna. Ranar da sakamakon ya iso, wani ɗan kabu-kabu ne ya kawo masa takardar da hantsi, ma'aikacin likitarmu, wato asibitin garinmu, kuma ya fita ƙauyuka rigakafi, sai washegari zai dawo. Ya zo ƙofar gidana da takardar a ninke. Ba tsokana a ranar.

Ya ce, "Mushe, karanta mini. Yadda take, don Allah."

Na karanta sau biyu don in tabbata. Ba a sami ciwon ba. Farin ciki ya cika ni, na kama kafaɗarsa na ce, "Alhamdu lillahi, ɗan kawu, ba shi ba ne. Babu komai, ga shi nan a rubuce."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Fuskarsa ba ta saki ba ko kaɗan. Ya karɓi takardar ya ninke a hankali ya sa a aljihu, ya yi mini godiya, ya tambayi lafiyar iyalina, ya juya.

Na tsaya a ƙofa ina kallonsa. Gidansa na huɗu ne daga nawa, kuma daga inda nake ina hango matarsa ta leƙo daga zaure, ta dafa bango tana jira. Ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata. Bai shiga ba. Ya wuce da sauri ya miƙi hanyar ƙarshen gari, inda wani tsohon malamin lakwal yake zaune.