Rabin waƙar dakan Mama

Ranar wata Asabar, a kakar shekarar da na shiga aji uku, Mama ta damƙe ni a bakin danga, ƙafata ɗaya ta riga ta fita. Dawa na jibge a turmi, kaji sun kewaye shi, ni kuwa kunnena na can dandali inda 'yan uwana ke gaɗa. "Ladi, tsaya ki ji ƙarshenta mana," in ji ta. Waƙar dakanta take nufi. Na fizge hannuna na ruga.

Mama wanki take yi a gidan wata Sista 'yar ƙasar Ayaland, a asibitin mishan na garinmu. Ana aiko wa Sistar kaset daga gida, shirin rediyo na wani dattijo mai goge irin nasu. Yakan ɗan yi hira, ya ja goge, sannan ya sako kiɗan tsofaffin da ya bi ƙauye-ƙauye ya ɗauko. A bakin igiyar shanya Mama ta tsinci kiɗa ɗaya, ta rage masa gudu ya daidaita da taɓarya, ta ɗora masa kalmominta. Rabin farko na shuka ne da ruwan sama, na iya shi tsaf. Rabi na biyu sunayenmu ne, mu 'ya'yanta biyar, kowa da abin da take roƙa masa. To, da an zo nan ake miƙa wa yara taɓarya, ni kuwa ƙiwa ta yi mini katutu. Ban taɓa tsayawa na ji nawa ba, ko sau ɗaya.

Yau shekarata bakwai ina aikin jinya a Doha, Mama kuma ta daɗe da rasuwa. Bara wata abokiyar aikina, Nora, ita ma 'yar Ayaland, ta shigo ɗakin shan shayi ido jajir, wai wani mai goge na ƙasarsu ya mutu, a kan muryarsa ta girma. Da ta kunna wayarta sai na gane, muryar nan ta kaset ɗin gidan Sista ce. Na rera mata abin da na riƙe, ta girgiza kai ta ce kaɗe-kaɗensa sun fi ƙarfin ƙirga. Wata biyu ina bin tsofaffin shirye-shiryensa ina neman kiɗan Mama a motar ma'aikata daga unguwarmu ta Ain Khaled, har direba ya fara tsokanata wai Ladi ta koma Baturiya.

Na same shi kuwa. Kiɗan rawa ne mai gudun tsiya, rabi na biyun yana nan cif, amma babu kalma ko ɗaya a ciki. Na kira yayyena ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rera mini nasa baitin. Da na tambayi nawa, Yaya Markus ya ce, "Ke ma ba ki riƙe ba, wa zai riƙe miki?"

Haushi nake ji har gobe. Mutumin nan ya yi yawon duniyarsu da rikoda don kada tsofaffi su tafi da abin da ke bakinsu, Nora tana danna waya ta ji kakannin ƙauyensu. Mu babu wanda ya zo tsakar gidanmu da rikoda. Kunnena kaɗai Mama ta nema, shi ma na hana ta.