Wanda Zai Zauna Kusa da Shi

Mijina ɗan cikin birnin Kano ne, bai taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga girma ba sai da ya yi gemu. Amma da Allah ya tashi raba wa mutane abin yi, shi sai ya ba shi kifi. Kifi ya karanta a gida, kifin ne kuma ya kawo mu Kuala Lumpur ƙaro karatu. Na biyo shi da 'yarmu ƙarama, muka tare a wani ɗan falat a hawan sama can unguwar Setapak, ƙasanmu shagon wani Ba'indiye mai shayi.

Mahaifiyarsa, Hajiya, ba ta taɓa yarda wannan abu karatu ne ba. Shi ne autanta, don haka babu kunya tsakaninsu, sai tsokana. In ya kira ta, kafin ya gama sallama za ta ce, "To sarkin ruwa, yau me kifin ya ce?" Ya yi ta dariya kamar yaro. Ni ma ta riƙe ni riƙon 'ya, ban taɓa jin ta kira ni matar wane ba.

Dab da annobar nan ta korona za ta iso, malaminsa ya samo masa gurbi a wani ƙaramin jirgin ruwa na katako, mai yawo da baƙi 'yan buɗe ido tsakanin wasu tsibirai can gabashin Indonesiya, inda duwatsu ke aman wuta. Aikinsa shi ne ya shiga ruwa tare da baƙin, kowa da gilashi a fuska da bututun numfashi a baki, su kwanta a saman ruwa suna leƙen ƙasa, shi yana nuna musu wannan kaza ne, wancan kar a taɓa shi. In sun gaji sun hau jirgi, sai ya yi nasa binciken. Na ce masa ni dai raina bai kwanta ba. Ya ce 'yan kwanaki ne fa, kafin in gama buhun shinkafar nan ya dawo. Na gama buhun, na sayi wani.

Da farko abin gwanin daɗi. Duk inda suka sami sabis sai ya turo bidiyo: yashi baƙi ƙirin kamar an zuba gawayi, dutse yana fitar da hayaƙi a hankali, tsuntsaye sun rufe sama, wasu manyan kifaye suna tsalle suna tsere da jirgi. Akwai wanda ya ɗauka a ƙarƙashin ruwa, wani ƙaton kunkuru yana tafe abinsa, shi yana bin sa a baya. Aka nuna wa Hajiya a wayar jikarta. Ta sa aka ɗauki muryarta aka turo: "Ku gaya masa kunkurun nan ya fi shi hankali, shi a gidansu yake. Ya fito daga ruwan nan haka." Har yau muryar tana wayata.

Sai aka kulle duniya. Baƙin nan ƙasashensu suka kwashe su, aka bar ma'aikatan jirgi da mijina. Malesiya ta rufe ƙofa, ba shiga. Tsibiran da suke saba tsayawa kuma mutanen suka ce kada wanda ya sauka, kuma ban ga laifinsu ba, ba su da asibiti. Jirgin ya je ya fake a bayan wani tsibiri da ba kowa, gindin dutsen nan mai hayaƙi, inda ko ɗigon sabis babu. Abin da ya rage shi ne wayar kyaftin mai amfani da tauraron ɗan'adam, ita ma sai jefi-jefi ake ba kowa ya yi 'yar gajeruwar magana da iyalinsa.

A cikin wannan hali ne, ana shirin shiga azumi, Yaya Babba ya kira ni. Shi ne babban wan mijina, kuma bai saba kirana ba. Ya ce Hajiya ta kwana biyu da zazzaɓi, da asuba Allah ya karɓi abarsa, har an kai ta. Na zame na zauna a ƙasan kicin. Ban gama salati ba ya ce, "Ki saurare ni da kyau. Kada ki gaya masa. Mutum yana tsakiyar ruwa, ba uwa ba uba, ba wanda zai riƙe shi. A gidanmu ba a jefa wa mutum mutuwa ta waya. Ki bari ya taka ƙasa, mu sami babba ya je ya zaunar da shi."

Na ce to. Kuma har ga Allah a lokacin na ga gaskiyarsa. Ni ma da mahaifina ya rasu ina makarantar kwana, ba wanda ya faɗa min a tsaye. Gwaggona ce ta zo, ta zaunar da ni a gefen gado, ta riƙe hannuna, ta fara da cewa jikin Baba ya yi tsanani, kafin a hankali ta kai ni inda za ta kai ni. Haka muka taso muka ga ana yi. Ba a barin mutum ya ji shi kaɗai.

Amma ni ai ni kaɗai na ji. Ba zaman makoki, ba tabarma, ba mai shigowa ya ce ya haƙuri. Matan 'yan ƙasarmu da ke unguwar Wangsa Maju sai ta waya suka yi min gaisuwa, ɗaya ta aiko min da tuwo da mai babur, ya rataye a ƙofa ya tafi. 'Yata ta same ni ina kuka ta tambaye ni da Turancinta me ya faru, na ce albasa ce. Ta dubi hannuna, babu albasa.

Kuma sai ga kiransa. Wayyo, kiran nan! Murya garau, har da fara'a, wai don kada in damu. Ya ce in ga ruwan wurin, tsabar haskensa kana hango inuwar jirgi a ƙasa. Ya ce akwai inda ƙasan teku ke fitar da kumfa mai ɗumi saboda wutar dutsen, wurin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma macizan ruwa sun cika shi, masu zane baƙi da fari, su zo har gaban gilashinsa su dube shi su wuce. Ya ce da la'asar suna jam'i a bayan jirgi, shi da mai dafa musu abinci, wani dattijo da kowa ke ce wa Pak, wato Baba. Ni ina ta "uhm", ina cizon gefen mayafina. Can da lokacinsa ya kusa ƙarewa sai ya ce, "Ki kira Hajiya ki gaishe min da ita. Ki ce sarkin ruwa yana nan lafiya."

Na ce, "Za ta ji."

Haka muka yi ta yi. Duk kira da wannan yake rufewa, ni kuma da wannan nake amsawa. Wata rana ya ce ya tsinto wa Hajiya wani kwanson katantanwar teku mai faɗi, cikinsa ja-ja yana ƙyalli, daidai zuba goronta. Ya ce bidiyo kuwa ya tara mata sun fi a ƙirga, ranar da ya sami sabis sai ta gaji da kallo. Na ajiye wayar na shiga banɗaki na kunna famfo don kada yarinya ta ji ni.

Azumi ya yi nisa, sai ya kira da wata irin murna. Ya ce abincinsu ya kusa ƙarewa, an ba su izinin matsawa kusa da babban tsibiri gobe a miƙo musu shinkafa da mai. Ba za su sauka ba, amma akwai sabis a wurin. Ya ce, "Gobe ba sai na aike ki ba. Da kaina zan kira ta, in ga fuskarta."

Ba kiran ne ya fi tsorata ni ba. Wayarsa ce. Na san abin da ke jibge yana jiran ta. A guruf ɗin gidansu an sa hoton Hajiya da addu'a a ƙasa. Abokansa na makaranta, 'yan unguwa, 'yan masallaci, duk wanda ya ji ya tura masa ta'aziyya, don ba wanda ya gaya musu ana ɓoyewa. Yana kunna wayar za su zubo masa gaba ɗaya, yana tsaye a bakin jirgi yana murmushi.

Na kira Yaya Babba na gaya masa. Wai sai ce min ya yi in kwantar da hankalina, zai sa yara su goge hoton. Goge! Na ce, "Yaya, saƙon da mutanen Kano kaf suka tura fa, shi ma gogewa za a yi?" Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce an ɗora min kayan da ba wanda ya taya ni ɗauka, ni ce nake jin muryarsa, ni ce nake cewa za ta ji, su suna can cikin dangi ana ba su haƙuri. Da ya buɗe baki sai na ji muryar ta karye, na tuna shi ma uwar ya rasa. Ya ce, "To ke ya kike so a yi? Wa zai zauna kusa da shi a can?"

Wannan tambaya ce ta tsaya min a rai har na tuna da dattijon nan mai girki.

Washegari da safe na kira lambar kyaftin, wadda aka ce kada a taɓa sai ta kama dole. Na ce masa mai girki nake nema, kuma don Allah kada mijina ya sani tukuna. Aka kawo min tsohon. Ni kuma Malayancina na kasuwa ne, na sayen alayyafo da cewa a ƙunshe min in tafi da shi. Sa'ar da na ci, harshensu da na nan kusan ɗaya ne, kalmar rasuwa kuma na koye ta a bakin maƙwabciyata lokacin da mijinta ya rasu. Na haɗa abin da nake da shi. Na ce Pak, mahaifiyar mijina ta rasu, bai sani ba, ka taimaka ka zauna tare da shi. Ya yi salati a hankali, irin namu sak. Sannan ya ce, "Boleh." Zai yi.

Na ji takunsa a kan katako, na ji ya kira mijina, na ji sun yi nisa da hayaniyar sauran. Na riga na shirya yadda zan yi, yadda Gwaggo ta yi min: in fara da jiki ya yi tsanani, in bi da shi a hankali. Ban sami dama ba. Yana karɓar wayar ya ce, "Lafiya? Me ya sa Pak ya zaunar da ni? Ga shi ya riƙe min hannu." Bahaushe ne, ya san abin da ake zaunar da mutum a kai. Ya ce, "Wa ya rasu?"

Na ce, "Malam, sai haƙuri. Hajiya ce."

Ban ji komai ba sai ruwa yana dukan jikin jirgi, da muryar tsohon can ƙasa-ƙasa yana maimaita masa salati har ya kama. Sannan ya ce, "Yaushe?"

Na ce tun kafin azumi.

Ya ce, "Duk gaisuwar da nake ba ki fa?"

Na ce, "Ina kai mata. In na idar da salla nake kai mata."

Daga baya na ji cewa tsohon bai bar shi ba yinin nan, ko girki bai yi ba, kuma shi ya riƙe masa wayar da suka shiga sabis, tana ta ƙara a aljihunsa har ta gaji. Da la'asar ma'aikatan jirgin suka yi sahu a bayan mijina suka yi wa Hajiya salla, matar da ba ta taɓa ganin teku ba.

Sai bayan watanni ya samu dawowa, ya yi zaman killacewa a otal, sannan ya shigo gida baƙi ƙirin, ya rame. Bai taɓa ce min na yi laifi ba. Ya ma ce Allah ya saka min da alheri da na nemo masa tsohon. Kwanson katantanwar nan yana naɗe cikin rigarsa a ƙasan jaka, ya ɗora shi a kan firij, ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Bidiyon da ya tara kuwa ban san ya buɗe su ba.

Abu ɗaya ne ya sauya. Tun daga ranar bai sake ba ni saƙon gaisuwa in kai wa kowa ba. In yana son gaida mutum, ko mahaifiyata ce, da kansa yake kira, kuma ba ya ajiye wayar sai ya ji muryar mutumin.