Mutanen Cikin Dutsen Baba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Ɗanjuma, kuma da yatsu uku nake rubuta wannan, domin sauran biyun har yanzu zugi suke yi. Zan zo kan yatsun. Bari in fara da dutsen.

Baba ya yi rayuwarsa a ɗakin gwaje-gwaje na sashen nazarin halittu a jami'a, yana wanke kwalabe yana jera wa ɗalibai kwaɗi. Da ya yi ritaya, sa'o'insa suka sayi gonaki a Bomo, shi kuwa ya haɗa akwatin gilashi a falonmu na Samaru, ya cika shi da ruwan gishiri, ya saka kifi biyu, ya sa wani direba ya kawo masa dutsen teku daga Legas a cikin bokiti. Dutse ne mai ramuka, kamar burodin da ɓera ya kwana a kai. Baba ya ce rayayye ne, wato ramukan cike suke da ƙananan halittu masu tsabtace wa kifi ruwa. Gwaggo Laraba, yayarsa da ke Jushi, kallo ɗaya ta yi masa ta ce, "Ɗanjuma, wannan dutsen da masu shi. Ka mayar musu da kayansu." Daga ranar ba ta sake zama a kujerar da ke kusa da akwatin ba.

Ni ya koya wa aikin waje: in ba kifaye biyun abinci, in ƙara ruwa marar gishiri idan ya ragu, in jona famfon da ke juya ruwan da batir idan an ɗauke wuta. Sa hannu a ciki kuwa nasa ne shi kaɗai, kuma ban taɓa yi masa gardama ba, don ni mace ce da kyankyaso ɗaya ke kora daga ɗaki. Bayan rasuwarsa na ci gaba da aikina daga waje, dutsen kuma ya ci gaba da nasa daga ciki. Wani ɓawo ruwan hoda ya rufe rabinsa. Gansakuka ta fito ta koma. Sai watan jiya na ga wasu abubuwa uku launin ƙasa, kamar ƙananan furanni masu laushin hannuwa. Na ɗaura reza a tsinken tsire na kankare su ina kawar da kai. Bayan mako uku na ƙirga ashirin da shida.

Ranar Asabar da hantsi na yi ta maza, na ce bari in ɗaga dutsen in ga gindinsa. Abin da na riƙe ba dutse ba ne. Wata tsutsa ce ja-ja, mai farin gashi a gefe biyu kamar shanshani, ta nannaɗe mini yatsu. Ihun da na yi ya sa maƙwabciyarmu ta shigo da bokitin ruwa, a zatonta gobara ce. Gashin ya kakkarye a fatata kamar ƙaiƙayin gero, Umma ta yi ta cire shi da salatif tana faɗa, ni kuma ina kuka ina yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata mini rai. Ko yanzu, idan zaren gyale ya taɓa mini hannu, sai na zabura.

Kafin azahar Gwaggo ta sauka daga keke mai ƙafa uku. Shawararta ita ce a wanke dutsen da omo da soson ƙarfe, a shanya shi a kan kwano, ya huta mu huta. Umma ta fi ta sanyi amma ta fi ta yanke magana: ko a samu mai sa hannu a ruwan nan da sani, ko akwatin ya bar gidan ranar Juma'a.

Nakan yi tunanin abin da Baba zai ce da ya ga yau. Sola ta cika rufin Samaru, shi da ya yi ta ɗaukar batirin mota zuwa wajen caji saboda kifi biyu. Wannan zai faranta masa. Amma da ya ga na ɗauki hoton tsutsar na tambayi waya, ta ba ni amsa uku, ɗaya har tana cewa in tafi asibiti nan take, dariya zai yi har hularsa ta faɗi. Shi awa guda yakan yi a kan kujera yana kallon abu ɗaya, sannan ya rubuta layi biyu a littafinsa.

Littafin yana nan, ban dai taɓa gane shi ba, don babu sunan halitta ko ɗaya a ciki, sai sunayen mutane. Don haka na kira Baba Bitrus na Hanwa, abokin aikinsa na shekaru. Ya zo ranar Lahadi bayan coci, ya tarar da Gwaggo ta dawo don ta ga an fara kwashe ruwa. Ya sa tabarau ya fara karantawa.

Tsutsata ita ce Sarkin Shara: mummuna ne, amma shi ke cinye duk abin da ya ruɓe, a bar shi, sai dai ba a musabaha da shi. Ɓawon ruwan hoda sunan Umma ke kansa: ba ta surutu, a hankali take rufe duk inda ya yi muni. Umma ta tashi ta ce wai ta bar tukunya a wuta. Sai Baba Bitrus ya yi tari, ya juya shafi biyu a haɗe.

"Koma baya, Bitrus," in ji Gwaggo. "Ban yi boko ba, amma na san sunana."

Ya koma, muryarsa ta yi ƙasa. "Yaya Laraba: launin ƙasa, hannuwa da yawa, tana harbin duk wanda ya matso kusa. Kada a kankare ta, kowane ɓarɓashi sabuwar Yaya ce. A ɗura mata ruwan lemon tsami a baki da sirinji, uku kawai a rana."

Gwaggo ta tashi, ta je gaban akwatin da ta yi shekaru tana kewaye wa, ta sunkuya.

"Ke Asabe, nawa kika ce na zama?"

"Ashirin da shida, Gwaggo."

"Uhm. Yana raye ma bai iya da ɗaya ba." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ku rage, amma ku bar mini guda. Kuma in ga wanda zai fitar da ni daga gidan ƙanena."

Umma daga kicin ta ce duk ta ji, amma sharaɗinta na nan: wa zai sa hannu? Baba Bitrus ya nuna hannuwansa masu rawar tsufa. Gwaggo ta ce ita ba za ta kashe kanta da kanta ba. Kowa ya juyo ya kalle ni.

Akwai wani farin abu a bayan dutsen, kamar gashin tsuntsu a bakin siririn bututu. Shi na yi niyyar fara ɗura wa lemo, don ya fi sauran girma. Baba Bitrus ya ce in dakata, ya miƙo mini littafin in karanta da kaina. "Asabe: matsoraciya ce, inuwa ma sa ta ɓuya take yi. Kada a ɗauke ta Yaya, ita tana da bututu. Ita ke tace ruwan. A yi haƙuri da ita, kullum tana sake fitowa."

Ranar Litinin na sa safar roba har gwiwar hannu, na yi bismilla sau bakwai, na sa hannu. Lemon farko a ruwa ya zube, amma na ɗura wa Gwaggo uku, ita kuma tana zaune a kujerar kusa tana gyara mini saiti. Juma'a ta zo ta wuce, akwatin yana inda yake.

Baba bai bar gona ba, bai bar mota ba. Ya bar mana shaidar cewa ya zauna ya kalli kowannenmu da kyau, ya san mai harbi da mai ɓuya, kuma bai rubuta a jefar da dutsen saboda kowa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Tsoro bai sake ni ba, gaskiya. Da safen nan ma da na miƙa hannu, inuwata ta faɗa kan dutsen, takwarata ta shige bututunta kamar ƙiftawar ido. Na tsaya da hannuna a ruwa, na jira ta. Ta fito.