Kujerar da Rewaya Ya Kwance

Shekara talatin da ɗaya yana bin wayoyin motocin mutane, shi ya sa a gareji ba a san shi da wani suna ba sai Rewaya. Ga faɗa, ga cika baki, amma fa ya iya. Ka kawo masa motar da ke shanye batir, zai cire wayar batir ɗaya, ya haɗa ɗan ƙwan fitilarsa a tsakani, ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya. Inda ƙwan ya mutu, nan ɓarawon yake.

To, sai ga tasa motar ta fara. Da yamma lafiya lau, da safe a murɗa makulli, ƙas-ƙas, shiru. Ba kuma abin wasa ba ne, don sau uku a mako yake kai matarsa wankin ƙoda da ƙarfe bakwai, wanda ya makara kuwa sai a ba wani injinsa. Ran Litinin maƙwabta suka tura su. Ran Laraba suka makara, aka ce sai Juma'a. Ta dawo ƙafafu a kumbure.

Abokan aiki suka samu abin tsokana. "Rewaya, ko mu kai maka ita wajen mai gyara ne?"

Ya wanke su tas. Ya sauya batir. Ya gwada caji, lafiya lau. Ƙwan nan ya haɗa shi ya fi sau goma, ko ƙyalli bai yi ba. Wato motar ba ta da laifi ke nan. Kai, wannan wace irin masifa ce!

Ran Alhamis da safe ya sake murɗawa, shiru. Ya zauna yana huci, sai idonsa ya faɗa kan kujerar gefe. An kwantar da ita rabi. Fankar motar tana kan lamba ta ƙarshe, shi kuwa bai kunna ta ba. A ƙasa ga ƙaramin matashin kai na ɗakinsu.

Ya shiga gida da shi a hannu. "Ke, me ya kai wannan cikin mota?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Baban yara, in na kwanta numfashi ba ya fita. Sai in ɗauki makulli, in je can in jingina, in kunna fanka har asuba. Kai wuni kake a tsaye, in tashe ka ka yi me?"

"Tun yaushe?"

"Mako uku. Wallahi ban san fanka na cin batir haka ba. Da na gane kuma, kunya ta hana ni faɗa."

Ya buɗe baki zai yi faɗan da ya saba, faɗan ya ƙi zuwa. Mako uku tana neman numfashi a ƙofar gida, shi yana sharar barci, gari ya waye yana zagin waya! Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya ɗauko sifana, ya kwance notin nan huɗu, ya kinkimo kujerar har cikin ɗaki. Ya ajiye ta a gefen gado, ya tokare da katako, ya kawo fankar gareji ya saita mata.

Ran Juma'a, murɗawa ɗaya motar ta tashi. Matar ta shiga baya ta jingina, ta ce, "Ka ga, ka gyara."

Bai ji daɗi ko kaɗan ba. Daren jiya ya ji da kunnensa yadda take fama da numfashi, abin da ke shanye masa batir.